Filin Kimiyya: Tulun Iskar da Ke Hana Bututun Ɗumama Gida Fashewa

 A wannan fitowar filinmu zai leƙa ƙasar Birtaniya ne, domin mu duba wani ɗan tanki da ke ɓoye a gidajensu, wanda da yawa daga masu gidajen ba su ma san da zamansa ba sai ranar da ya lalace. Abin da ya kai mu can shi ne, darussa biyu da muke haddacewa a ajin fiziks, wato ƙaruwar girman ruwa idan ya ji zafi da kuma dokar Boyle, a cikin wannan tankin suke haɗuwa suna aiki safe da yamma.

Yadda suke ɗumama gida

A birnin Landan matsakaicin zafin watan Janairu kusan digiri 5 ne a ma'aunin Salsiyos. Sanyin hunturun da ke sa wasunmu gudun wanka da asuba, a can sai a ce gari ya yi daɗi. Shi ya sa mafi yawan gidajensu ake ɗumama su gaba ɗaya daga wuri guda. Akwai tukunyar dafa ruwa mai aiki da gas, girmanta kamar ƙaramin kabad, maƙale a bangon ɗakin girki. Takan ɗumama ruwa zuwa digiri 60 ko 70, wani lokaci har 80, sai wani ƙaramin inji ya tura shi ta cikin bututun jan ƙarfe zuwa kowane ɗaki. A ɗakin akwai faffaɗan ƙarfe mai rami a ciki, galibi a ƙarƙashin taga. Sunansa ɗaya da lagireton mota, aikinsu ma ɗaya ne: ruwan zafi ya shiga, ya saki zafinsa, ya fita. Sai dai ita mota neman rabuwa take yi da zafin, shi kuwa ɗaki zafin yake so. Daga nan ruwan ya koma tukunya a sake dafa shi.

Wannan ruwan ba a shan sa, ba a wanka da shi. Shi ke nan yake ta zagaye, shekara da shekaru. A yawancin tukwanen da ake sakawa yanzu, an toshe hanyar tasa ruf, babu inda take buɗe wa iskar waje. To a nan matsalar take farawa.

Ruwa ba ya matsuwa

Mun sani daga aji cewa ruwa ya fi tsukewa a digiri 4. A nan lita ɗaya takan yi nauyin giram 1,000. Idan aka dafa shi zuwa digiri 80, lita ɗaya ba ta wuce giram 972, a digiri 100 kuwa kusan giram 958. Ba wani abu ne ya fita daga cikinsa ba, ƙwayoyinsa ne suka ƙara motsi suka ƙara tazara a tsakaninsu, sai ya nemi ƙarin wuri. Daga ruwan sanyi mai digiri 10 zuwa digiri 80, girman ruwa yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100.

Kashi 3 kamar ba komai ba ne. Amma mu ɗauka bututu da lagiretocin wani gida suna cin lita 100, wato jarka huɗu mai lita 25. Da zarar ruwan ya yi zafi, an samu ƙarin lita 3, daidai da leda shida ta fiya wata, kuma dole a samar musu wurin zama a cikin bututun da tun farko cike yake maƙil.

Wani zai ce ai sai su matsu su zauna hakanan. Ga gwajin da kowa zai iya yi da sabon sirinji marar allura. Ka ja iska a ciki, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Zai shige har rabi ba tare da wata wahala ba, in ka saki ya dawo. Yanzu ka cika shi da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska, ka sake dannawa. Ko gezau ba zai yi ba. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa kusan ba ya matsuwa sam.

Ana auna matsi da wani ma'auni da ake kira bar. Bar 1 kusan daidai yake da nauyin iskar sararin sama da ke danne mu a kullum, ko nauyin ruwa mai tsawon mita 10. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2.5. Kafin a rage girman ruwa da kashi ɗaya kacal cikin 20,000, sai an danna shi da bar 1. Ku lissafa da kanku: in da a ce bututun ba ya miƙewa ko kaɗan, kafin a tilasta wa waccan lita 3 ta koma ciki sai matsin ya haura bar 600. Babu lagireton ɗaki ko mahaɗar bututun da za ta kai ko kusa da nan. Tun a hanya wani wuri zai tsage, ruwan zafi ya malale a ɗaki.

Dabarar farko

Hanyar da aka daɗe ana bi a Birtaniya mai sauƙi ce. Sai a ajiye ƙaramin buɗaɗɗen tanki a can sama, tsakanin silin da rufin gida, a haɗa shi da bututun. Ruwa ya yi zafi ya hau cikin tankin, ya huce ya sauko. Har yau akwai tsofaffin gidaje da yawa masu irin wannan, kuma yana aiki. Amma yana da aibu. Wurin da yake zaune shi ne mafi sanyi a gidan, ruwan cikinsa yana iya daskarewa ya fasa bututu, ranar da ƙanƙarar ta narke kuwa sai ruwa ya ɓallo ta silin. Na biyu, tunda a buɗe yake, ruwan yana ta shan iskar oksijin, ita kuma tana cin ƙarfen lagireto daga ciki, ta mayar da shi wani baƙin taɓo mai toshe bututu. Na uku, mai zama a gidan bene mai hawa da yawa ina zai samu silin nasa na kansa da zai ɗora tanki?

Tunanin toshe hanyar ruwan ba sabo ba ne. A shekarar 1831 wani injiniya haifaffen Amurka mazaunin Landan, Angier March Perkins, ya yi rajistar tsarin ɗumama gini da ruwan zafi a cikin rufaffen bututu mai kauri. A can ƙololuwar bututun ya haɗa wani bututu mai faɗi wanda ba a cika shi da ruwa, iska ce a ciki. Ruwa ya kumbura, sai ya danne iskar. Daga baya aka riƙa amfani da tankin ƙarfe, rabinsa ruwa rabinsa iska. Cikas ɗinsa shi ne iskar tana taɓa ruwan kai tsaye, kuma iskar da ke cikin matsi takan narke a ruwa a hankali, kamar gas ɗin da ke cikin lemon kwalba. A kwana a tashi sai tankin ya cika da ruwa zalla. A shekarun 1950 ne aka fito da maganin abin: a sa roba a tsakani.

Abin da ke cikin tulun

Sunan da Turawa ke kiransa da shi ma'anarsa mazubin kumburi. Mu a nan za mu ce masa tulun iska, don wanda ake ratayewa a bango siffar tulu gare shi, kuma galibi ja ne. Wanda ke cikin tukunyar kuwa an baje shi kamar faifai domin ya samu shiga, yakan ci lita 6 zuwa 10.

Da za a tsaga shi biyu, ba za a ga wani abin mamaki ba. Ƙarfe ne mai ɗaki biyu, shimfiɗar roba mai kauri ta raba su. Ɗaki ɗaya yana haɗe da bututun ruwa. Ɗayan a rufe yake, an hura masa iska tun daga masana'anta, sau da yawa iskar naitirojin, zuwa wajen bar 1. A gefen iskar akwai ɗan bakin hurawa, irin na tayar mota sak, wanda masu faci ke ɗora wa geji. Babu waya, babu batir, babu abin da ke juyawa.

Idan ruwa yana da sanyi, iska ce ta mamaye kusan duk tulun, ta manna robar a ɓangaren ruwa. Tukunya ta kama wuta, ruwa ya fara kumbura, sai rarar ta shigo tulun tana tura robar, iska tana matsuwa. Wuta ta mutu, ruwa ya huce ya tsuke, sai iskar ta turo shi ya koma bututu. Wannan aiki na biyun mutane kan manta da shi, alhali muhimmancinsa bai gaza na farko ba. Ba don shi ba, duk lokacin da ruwa ya huce matsin zai faɗi, lagireton benen sama ya rasa ruwa, iska ta samu kafar shiga. Shi ya sa ake cika tsarin zuwa bar 1 ko 1.5 yana da sanyi: bar 1 yana iya riƙe ruwa har tsawon mita 10, gida mai hawa ɗaya kuwa bai kai nan ba.

A jikin tukunyar akwai agogon matsi mai hannu ɗaya. Akwai kuma bawul na ko-ta-kwana, wanda sifirin ke danne da shi. Idan matsi ya kai bar 3, sai ya buɗe da kansa ya zubar da ruwa ta wani ɗan bututu da ya huda bango ya fita waje.

Lissafin Boyle

Robert Boyle, haifaffen ƙasar Ayalan, ya wallafa dokarsa a 1662: idan zafin iska bai canza ba, matsinta sau girmanta ba ya canzawa. Ita ce muke rubutawa P1V1 = P2V2. 'Yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO su buɗe ido a nan, don akwai ramin da ake yawan faɗawa. Agogon matsi yana nuna sifiri ne a lokacin da iskar sararin sama kaɗai ke danne shi, alhali ita kanta bar 1 ce. Saboda haka kafin a shiga dokar Boyle sai an ƙara 1 a kan abin da agogo ya nuna, in an gama a cire.

Mu koma gidan nan mai lita 100. Tulunsa lita 8 ne, agogo yana kan bar 1, wato ainihin matsin 2 ne. Ruwa ya yi zafi, lita 3 ta shiga tulu, iskar ta koma lita 5. Sai mu ce 2 sau 8 ya ba da 16, a raba da 5, an samu 3.2. A cire 1, hannun agogo zai tsaya a bar 2.2. Ku kwatanta da bar 600 na ɗazu. Lita 8 ta iska ce kawai ta kawo wannan bambancin. Gaskiya iskar tulun takan ɗan ɗumama ita ma, amma ba ta yadda zai sauya lissafin sosai ba.

Lissafin ya kuma nuna iyakar tulun. Bawul yana buɗewa a bar 3 na agogo, wato ainihin 4, ninki biyu na inda aka fara. Matsi ya ninka, girman iska ya koma rabi. Ke nan tulu mai lita 8 ba zai karɓi fiye da lita 4 ta ruwa ba kafin bawul ya buɗe. Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙiyasin da suke bi a saukake, cewa tulu ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na ruwan da ke tsarin. In mai gida ya ƙara ɗakuna ya ƙara lagireto, sai a rataya masa tulu na biyu a waje, mai lita 12 ko 18 ko fiye.

Ranar da iskar ta zurare

Kamar yadda taya ke sacewa a hankali ko ba ta taka ƙusa ba, haka tulun nan. Iska takan ratsa robar kaɗan-kaɗan, ko ta sulale ta bakin hurawa. Wani lokaci robar ce ke tsufa ta yage.

A ce iskar tulunmu ta ragu, ta koma lita 4 a bar 1, ruwa ya cinye sauran wurin tun da sanyinsa. Yanzu lita 2 kawai zai iya karɓa. Tukunya ta kama, hannun agogo ya yi ta hawa har bar 3, bawul ya buɗe ya zubar da lita 1 a waje, inda ba wanda ya gani. Da dare ruwa ya huce. Tunda an yi asarar lita 1, iskar ta baje zuwa lita 5, agogo ya sauko 0.6. In aka ƙara samun raguwa kaɗan, tukunyar za ta ƙi kamawa, domin yawancinsu an ƙera su ne su kashe kansu idan matsi ya faɗi wajen rabin bar, gudun kada su ƙone babu ruwa. Sai iyali su wayi gari a tsakiyar Janairu babu ɗumi a gida. Ga tsoho ko jariri a irin wannan ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sanyin cikin gida yana kwantar da mutane a asibiti.

Abin da mai gida kan yi shi ne ya buɗe ɗan famfon ƙara ruwa, agogo ya koma bar 1, tukunya ta kama, ya yi hamdala. Gobe ko jibi a maimaita. A ganinmu wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kowane sabon ruwa da ya ƙara yana shigowa da sabuwar oksijin, yana kuma tsarma maganin hana tsatsa da aka zuba a tsarin. Shi ma bawul ɗin, in ya saba buɗewa, ɗan tsaki kan maƙale a bakinsa ya hana shi rufuwa sosai, ya koma ɗiga dare da rana. Da yawa sukan ɗauka bututu ne ke yoyo a ƙarƙashin daɓe, har su fara tunanin fasa ƙasa, alhali agogon yana gaya musu gaskiya. Yoyo yakan sa hannun ya yi ta sauka ne a hankali, ko an kunna wuta ko ba a kunna ba. In kuwa yana tsalle zuwa 3 da zafi ya faɗo kusan sifiri da sanyi, tulu ne abin zargi na farko.

Binciken ma'aikaci ba ya ɗaukar lokaci. Yakan danna ɗan tsinken bakin hurawa. In ruwa ya fito, roba ta yage, sai sabon tulu. In iska ce ta fito ko babu komai, sai ya saki matsin ɓangaren ruwa tukuna har agogo ya nuna sifiri, sannan ya ɗora geji, ya hura da famfo irin na keke zuwa adadin da masana'anta suka rubuta. Sakin ruwan nan wajibi ne. In ruwa yana danne da robar, matsin ruwan geji zai nuna, sai a ɗauka tulun lafiya yake. Amma ba kowa ke da izinin buɗe tukunyar gas ba. A Birtaniya doka ta tanadi cewa mai sana'ar gas sai yana cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009, kuma duba iskar tulu yana cikin abin da ake sa ran zai yi a garambawul na shekara-shekara.

'Yan uwansa da ke kusa da mu

Mu ba ma ɗumama gidajenmu da bututu, amma ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Duk wanda ya taɓa leƙa injin mota ya ga farar robar nan da ke kusa da lagireto, mai layi biyu, na sama da na ƙasa. Ba a cika ta har baki saboda an keɓe wa ruwan zafi wurin hawa. Murfin lagireto kuma shi ne bawul na ko-ta-kwana. Ruwan da ke cikin matsin bar 1 ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120, to in aka buɗe murfin injin yana da zafi, matsin ya faɗi farat ɗaya, ruwan ya tafasa nan take ya feso a fuska. Abin da ya sa bakanike ke cewa a jira mota ta huce ke nan. Ɗan tankin nan ja ko shuɗi da ake gani a kan wasu injinan tura ruwa na gidaje da rijiyar burtsatse shi ma roba da iska ne a cikinsa, sai dai aikinsa ya riƙe matsi domin kada injin ya riƙa tashi duk lokacin da aka buɗe famfo.

Wanda ya fi shafar rayuka shi ne hitar wanka ta lantarki da ake maƙalawa a bangon banɗaki. Rufaffen tanki ne ita ma, kuma tana da ɗan bawul a bututun shigar ruwa, wanda yakan ɗiga idan ruwa yana zafi. Wannan ɗigar ba lalacewa ba ce, rarar ruwan da ya kumbura ce ke neman hanya. Wasu sukan ga tana ɓata bango su sa a toshe ta ko a cire bawul ɗin. In aka yi haka, kuma na'urar da ke kashe wutar ta mutu, ruwan zai wuce digiri 100 a cikin tankin da ba shi da mafita. Da ƙarfen ya tsage, wani ɓangare na ruwan zai koma tururi nan take, shi kuwa tururi yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. In ɗigar ta dami gida, a jona mata siririn tiyo zuwa magudana.

Tambayar wannan fitowa

Wani gida yana da lita 150 ta ruwa a bututunsa. An cika shi zuwa bar 1 a agogo yana da sanyi, iskar tulun ma bar 1 ce, kuma ruwan zai ƙaru da kashi 3 cikin 100. Na farko, tulu mai lita 8 zai wadatar ko bawul zai buɗe? Na biyu, lita nawa ne tulu mafi ƙanƙanta da zai hana hannun agogo wuce bar 2.5? A rubuta amsa tare da lissafi, da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Za mu manna sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.